Sharhi kan shirin CFA ga masu aikin gina kasuwar jari a ƙasashe masu tasowa

A hukumomin da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, da manyan bankuna, da ofisoshin kula da basussukan gwamnati na ƙasashe masu tasowa, duk lokacin da aka tada maganar horar da ma'aikata, sunan CFA ne ke fara fitowa. Takardar shaidar ƙwarewa ce a nazarin kuɗi da zuba jari (Chartered Financial Analyst), wadda cibiyar CFA Institute mai hedikwata a Charlottesville, jihar Virginia ta Amurka, ke bayarwa, kuma tun 1963 ake zana jarrabawarta. Amfaninta ga mai juya dukiyar masu zuba jari a Landan ko New York ba abin musu ba ne. Mu a nan mun auna ta ne da buƙatar mutumin da aikinsa shi ne tada kasuwar tun daga tushe, a wurin da takardar lamunin gwamnati kan yi mako guda ba wanda ya taya ta. Hukuncinmu: shirin na fitar da gogaggen manazarci, amma ya ɗauka cewa kasuwar da manazarcin zai yi aiki a cikinta an riga an gina ta.

Mataki uku ne, duka da Turanci, kuma tun 2021 a kwamfuta ake zana su a cibiyoyin jarrabawa. Mataki na ɗaya tambayoyi 180 ne na zaɓi ɗaya cikin uku, a zama biyu na minti 135 kowanne, wato daƙiƙa 90 ga kowace tambaya. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, saboda haka barin tambaya babu amsa asara ce kawai. Ana zana shi sau huɗu a shekara: Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba. Mataki na biyu tambayoyi 88 ne da aka rataya a kan gajerun labaran kamfanoni 22, kowane labari da tambaya huɗu. Mataki na uku ya haɗa irin waɗannan da tambayoyin da ake rubuta amsarsu, kuma daga 2025 ɗalibi na zaɓar ɗaya daga hanyoyi uku: sarrafa tarin jari, ko kula da dukiyar masu hannu da shuni, ko jarin da ba a cinikinsa a kasuwar fili. Cin jarrabawa kaɗai ba ya ba mutum damar maƙala haruffan a bayan sunansa. Sai ya nuna awa 4,000 na aikin da ya shafi shawarar zuba jari, cikin wata 36 ko fiye, ya kuma shiga ƙungiyar CFA Institute a matsayin mamba.

Cibiyar na cewa a ware wajen awa 300 ga kowane mataki. Wanda bai taɓa karanta ilimin akanta ba ya ƙara a kan haka, domin darasin nazarin rahoton kuɗin kamfani ne ke kada yawancin irinsu: harajin da aka jinkirta, da hayar dogon zango, da hanyoyin ƙidayar kayan da ke ajiye. Kusan huɗu cikin goma ne ke tsallake matakin farko idan aka duba shekaru masu yawa, kuma wanda ya faɗi sai ya jira aƙalla wata shida kafin ya sake. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ke aiki cikakken lokaci ya fara wata shida kafin rana, awa 12 zuwa 14 a mako, ya gama karatu wata guda kafin jarrabawa, ya ba watan ƙarshe ga gwaji mai ƙidayar lokaci. Kalkuleta iri biyu kaɗai aka yarda da su, BA II Plus na Texas Instruments da HP 12C. Mai BA II Plus ya ƙara adadin lambobin bayan ɗigo daga biyun da take zuwa da su, ya tabbatar yawan biya a shekara na kan 1, ya goge tsohon lissafi kafin sabo, ya kuma duba ko tana kan biyan farkon zango ko na ƙarshensa. Amsar da kuskuren saiti ke haifarwa sau da yawa tana cikin zaɓuɓɓukan uku, tana jiran mai gaggawa.

Abin yabo na farko shi ne darasin ɗa'ar aiki, mai nauyin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a matakin farko. Ƙa'ida ɗaya a cikinsa ta fi dacewa da ƙasashe masu tasowa fiye da inda aka rubuta ta: idan dokar ƙasa ta fi ƙa'idar ƙungiyar sassauci, ko ma babu dokar, mamba zai bi wadda ta fi tsanani. A kasuwar da ba a taɓa hukunta kowa kan ciniki da bayanan sirri ba, samun dillalai da manazarta da ke tsoron a ƙwace musu takardar shaida wani shinge ne da dokar gida ba ta kafa ba. Darasin na koyar da bambanci tsakanin bayanin sirri mai motsa farashi da bayanin da manazarci ya tattaro da ƙwazonsa daga nan da can, da wajibcin gabatar da cinikin abokin hulɗa a kan na kai, da bayyana duk wata alaƙa da ka iya karkatar da shawara.

Na biyu shi ne darasin takardun lamuni. Wanda ya gama mataki na biyu ya san dalilin da ya sa farashin takarda ke faɗuwa idan kuɗin ruwa ya hau, ya kuma iya auna faɗuwar: takardar da ma'aunin wa'adinta (duration, wato ma'aunin yadda farashinta ke motsawa da canjin riba) ya kai 5, idan riba a kasuwa ta ƙaru da maki 2 cikin ɗari, darajarta za ta ragu da kusan kashi 10. Jami'in da ke sa ido kan asusun fansho, idan bai san wannan ba, zai ga tarin takardun gwamnati ya ɗauka babu haɗari. Haka kuma ɗalibin ya san cewa ribar kashi 18 a shekarar da farashin kaya ya hau da kashi 22 asara ce ta sama da kashi 3. Harshe ɗaya da wannan ilimi ke samarwa ma ba ƙaramin abu ba ne: idan ma'aikacin baitulmali ya zauna da bankin da ke shirya wa gwamnatinsa fitar da takardar lamuni a ƙetare, zai gane abin da ake faɗa, ya kuma gane inda ake neman tsawwala masa.

Matsalar ta fara ne daga ranar da ɗalibin ya koma teburinsa. Kusan kowane lissafin ƙimanta kadara a manhajar na tsaye ne a kan abu biyu: ribar takardar gwamnati da ake ɗauka ba ta da haɗari, da farashin kasuwa da ake samu kullum. Duka biyun na iya zama babu su. A Disambar 2022 Ghana ta sanar da shirin musanya takardun bashinta na cikin gida da wasu masu ƙarancin riba da tsawon wa'adi, kuma bankunan ƙasar sun yi asara mai nauyi a kan kadarar da littafi ke kira marar haɗari. Zambiya ta kasa biyan masu takardunta na ƙetare a Nuwambar 2020, Siri Lanka ta bi sahu a 2022. Manhajar ta tanadi ƙarin riba saboda haɗarin ƙasa, gaskiya ne, amma a matsayin gyaran gefe, alhali a waɗannan kasuwanni shi ne gundarin lissafin.

Batun farashi ya fi wannan ɓoyuwa, shi ya sa za mu daɗe a kansa. A ɗauki hannun jarin wani kamfani da ake cinikinsa kwana uku kacal cikin kwanakin kasuwa ashirin na wata. Sauran kwanakin allo na maimaita farashin ƙarshe, sai lissafi ya nuna kamar hannun jarin bai motsa ba alhali kasuwa na hawa da sauka. Idan aka ciro ma'aunin beta daga waɗannan alƙaluma, wato yadda hannun jarin ke bin motsin kasuwa, zai fito ƙarami, a ce 0.3. Misali ne kawai, amma a bi shi: ribar takardar gwamnati kashi 15, ƙarin da ake nema don haɗarin hannun jari kashi 8. Da beta 0.3 ribar da mai zuba jari zai buƙata ta zama kashi 17.4, wato 15 a tara da 0.3 sau 8. Da beta 1.1, wanda irin wannan kamfani ke da shi a kasuwa mai motsi, ta zama 23.8. Kamfanin da ke samar da 100 duk shekara ba ƙari ba ragi zai yi daraja 575 a lissafin farko, 420 a na biyu, idan aka raba 100 ɗin da ribar da ake buƙata. An kumbura shi da fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma dalilin kumburin shi ne babu mai sayensa. Hannun jarin da ya fi wuyar rabuwa da shi ya koma mafi aminci a takarda. Maganin na cikin manhajar, a warwatse: a yi amfani da alƙaluman wata-wata maimakon na kullum, a aro beta daga kamfanoni masu irin sana'ar a wasu kasuwanni a cire tasirin bashinsu a sa na kamfanin, sannan a rage daraja saboda wahalar sayarwa. Sai dai ana koyar da yawancin wannan ne a babin kamfanonin da ba sa kan allon kasuwar hannun jari, sabon mai takarda kuwa ba ya tunanin ya shafi kamfanin da ke kan allo.

Haka abin yake ga layin riba, wato jadawalin da ke nuna ribar takardun gwamnati daga wata uku zuwa shekara goma ko ashirin. CFA na koyar da yadda ake karanta shi da yadda ake ciro ribar kowane wa'adi daga cikinsa. Yadda ake samar da shi kuwa ba ya cikin jarrabawa, kuma shi ne aikin. Layin na samuwa ne idan ofishin bashi ya daina fitar da sabuwar takarda a kowane gwanjo, ya zaɓi 'yan wa'adodi kaɗan, kamar shekara 2 da 5 da 10, ya riƙa sake buɗe takarda ɗaya har ta yi girman da za a iya cinikinta. Sai ya wallafa jadawalin gwanjo tun kafin lokaci ya kuma tsaya a kansa. Gwamnatin da ke soke gwanjo duk ranar da ribar da aka nema ba ta yi mata daɗi ba tana koya wa bankuna cewa farashin ba na kasuwa ba ne. Sai a yanke shawara ko duk waɗanda suka yi nasara a gwanjo za su biya farashi ɗaya ko kowa zai biya abin da ya taya. Sai a naɗa manyan dillalai da aka ɗora wa wajibcin faɗin farashin saye da na sayarwa kullum, a musanya da wata alfarma a gwanjo.

A nan ne yawancin gyare-gyare ke cijewa. Dillali ba zai iya riƙe tarin takardu don ya sayar wa duk mai nema ba sai yana da hanyar samun kuɗi a kansu na kwana ɗaya ko mako, wato cinikin repo: ya sayar da takardar yau da alkawarin sake sayenta a wani farashi. Repo kuwa ba ya tsayuwa sai doka ta amince cewa mallaka ta koma hannun mai ba da kuɗi da gaske, ta yadda idan abokin ciniki ya karye, ba za a ce masa ya shiga layin masu bin bashi ba. Daftarin yarjejeniyar da duniya ke amfani da shi, GMRA na ICMA, ƙungiyar masu harkar kasuwar jari ta duniya, bisa dokar Ingila aka tsara shi, don haka sai lauyoyi sun tabbatar kotun gida za ta mutunta shi, musamman sharaɗin haɗe basussukan ɓangarorin biyu a biya ragowar kawai. Sannan ga haraji. Idan hukumar haraji ta ɗauki kowane ɓangare na repo, sayarwar da sake sayen, a matsayin ciniki mai zaman kansa ta ɗora masa kuɗin hatimi, harajin zai cinye ribar kwana ɗaya, kasuwar ta mutu tun ba a haife ta ba. Mai CFA ya san ma'anar repo da yadda ake lissafin ribarsa da ragin da ake yi wa darajar jingina. Bai karanta ko layi ɗaya kan yadda ake gyara dokar karyewar kamfani don repo ya yiwu ba.

Bayan ciniki sai biya, kuma nan ma shirin ya ratsa ne kawai. Ƙa'idar ita ce hannu da hannu: takarda ba ta barin asusun mai sayarwa sai a daidai lokacin da kuɗi suka bar na mai saye. Wannan na buƙatar ma'ajiyar takardun jari ta ƙasa ta haɗu da na'urar biyan manyan kuɗi ta babban banki. Inda ba a haɗa su ba, wani ɓangare na sakin nasa da safe yana jiran na ɗayan da yamma, kuma manyan masu zuba jari na ƙetare ba sa shiga irin wannan kasuwa. Ma'aunin duniya a wannan fanni shi ne ƙa'idoji 24 da kwamitin biyan kuɗi na BIS, bankin manyan bankunan duniya, da IOSCO, ƙungiyar hukumomin sa ido kan kasuwar jari ta duniya, suka fitar a 2012. Indiya ta kammala komawa biya kwana ɗaya bayan ciniki a Janairun 2023, Amurka ta bi a Mayun 2024, kuma ƙananan kasuwanni na jin matsin su kwaikwaya. Wanda zai ba da shawara a kan haka sai ya san ko mai zuba jari na waje zai iya canjin kuɗi cikin wannan ɗan lokaci, in ba haka ba rage kwanakin zai ƙara yawan cinikin da ke faɗuwa ne.

Ga mai sa ido kuma, CFA na kallon doka ne ta idon wanda zai bi ta. Jami'in hukuma na buƙatar idon wanda zai kama mai karya ta: gane cinikin da mutum ke yi da kansa ta asusu biyu don a ga kamar ana rububi, gano odar da ake jefawa a mintunan ƙarshe don ɗaga farashin rufewa, tantance takardar bayanin kamfanin da ke neman tara jari, tabbatar dillali bai cakuɗa kuɗin abokan hulɗa da nasa ba, da adana hujja ta yadda lauyan wanda ake tuhuma ba zai rushe ta a kotu ba. Ƙa'idoji 38 na IOSCO, waɗanda IMF da Bankin Duniya ke auna ƙasashe da su a shirin tantance harkar kuɗi da suka fara a 1999, su ne taswirar wannan aiki. Sukuk da sauran hanyoyin kuɗi na Musulunci su ma ba su samu wurin a-zo-a-gani ba, duk da yadda Malesiya ta gina babban ɓangare na kasuwarta a kansu. Mai wannan buƙata ya nufi ƙa'idojin AAOIFI ta Bahrain, hukumar da ke tsara ƙa'idojin cibiyoyin kuɗi na Musulunci.

An ɗan yi gyara daga 2024, inda aka wajabta wani gajeren darasin aiki da hannu kafin a saki sakamako, kamar gina lissafin kuɗin kamfani ko koyon Python, yaren shirya manhajar kwamfuta. Ci gaba ne, amma duk ta ɓangaren manazarci ya karkata.

Akwai masu cike gurbin. Shirin da IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, da cibiyar bincike ta Milken suka fara a 2016 a birnin Washington an yi shi ne takanas don jami'an gwamnati na ƙasashe masu tasowa, da karatu a aji sannan zaman koyon aiki a cibiyoyin kuɗi, sai dai mutum kaɗan yake ɗauka. Cibiyar Toronto Centre ta Kanada na horar da masu sa ido. ICMA na da kwasa-kwasan repo da fitar da takardun lamuni. Cibiyar CISI ta Landan na da gajerun jarrabawa kan aikin bayan ciniki. IMF na ba da darussa a intanet kan kula da bashi, ita da Bankin Duniya kuma suna da tsarin tsara dabarun bashi na matsakaicin zango da ofisoshin bashi da dama ke aiki da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kai CFA zurfi wajen ƙimanta kadara, kuma babu wanda kasuwar aiki ta sani kamarsa.

Wannan sanin ma matsala ce ga hukumar da ta biya kuɗin karatun. Takardar na tafiya da mai ita ko'ina, kuma ranar da ya same ta darajarsa a bankuna masu zaman kansu da ƙasashen waje ta wuce abin da tsarin albashin gwamnati zai iya biya. Yarjejeniyar zama na wasu shekaru na jinkirta tafiyar, ba ta hana ta. Abin da ke ɗan riƙe mutum shi ne tsanin ci gaba na ƙwararru da bai dogara da zama shugaban sashe ba, da daina yi wa wanda ya ƙware kan gwanjon takardun lamuni canjin aiki zuwa sashen da bai shafe shi ba bayan shekara biyu. Kuma a tilasta rubuta hanyoyin aiki. Ofishin da yadda ake gudanar da gwanjo ke cikin kan mutum ɗaya zai koma farko ranar da mutumin ya ajiye aiki.

Ga hukumar da ke da ƙarancin kuɗin horo, rabon da muke ganin ya dace shi ne: matakin farko ga duk wanda ke hulɗa da kasuwa, domin harshen da tushen lissafin. Matakai ukun gaba ɗaya ga masu juya ajiyar kuɗin ƙetare a babban banki, da masu duba yadda asusun fansho da kamfanonin inshora ke ƙimanta kadarorinsu, da masu tantance takardun neman jari. Masu aikin gwanjo, da biya, da bincike, da rubuta doka, a kai kuɗinsu ga horon da ya shafi aikinsu, da zaman wata biyu ko uku a takwarar hukumar a ƙasar da ta ɗan fi su nisa, domin matsalolin can sun fi kama da nasu.

Wanda ya yanke shawarar shiga ya lura da ƙananan abubuwan da ke hana mutane zama a ɗakin jarrabawa. Sai da fasfo na ƙasa da ƙasa mai sauran wa'adi, kuma sunan da ke cikinsa ya zo daidai da na rajista harafi da harafi. Kuɗin rajista na ƙaruwa idan aka wuce zangon farko, kuma inda bankuna suka taƙaita abin da kati zai iya biya da kuɗin ƙetare, biyan kan ɗauki makonni. Biyan kuɗi daban, kama kujera daban: a ƙasar da cibiyar jarrabawa ɗaya ce ko babu, kujeru na ƙarewa da wuri, wanda ya yi jinkiri sai ya nemi biza. Akwai tallafin rage kuɗi da cibiyar ke bayarwa ga masu ƙaramin ƙarfi, amma a nema kafin a yi rajista. Ma'aikacin hukuma kuma, ranar da zai rubuta bayanin awa 4,000 ɗinsa, kada ya tsaya a kan sunan muƙami. Ya fayyace wace kadara ya ƙimanta, wane haɗari ya auna, wane rahoto nasa ne ya shiga shawarar zuba jari, domin a kan wannan ake amincewa ko a mayar masa da takardarsa.